Laifin ɗan wasa da zauren gwaraza: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk shekara idan aka fitar da sunayen 'yan wasan da za a karrama a zauren gwaraza, tambayoyin nan ne dai suke dawo mini, iri ɗaya, daga mutane daban-daban, duk a kan muhawarar ko laifin da ɗan wasa ya yi a wajen fili ya isa ya hana shi shiga. To ga su a wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Mene ne ma zauren gwaraza?

Gidan tarihi ne da ake ajiye sunaye da kayan 'yan wasan da suka yi fice. Na besbol yana Cooperstown a jihar New York, na ƙwallon Amurka yana Canton a jihar Ohio, na tanis yana Newport. Gasar Firimiya ta Ingila ma ta buɗe nata a 2021, ta fara da Alan Shearer da Thierry Henry.

Ai wasa ake karramawa, ina ruwan kowa da halin mutum?

Ka karanta doka tukuna kafin ka yanke. A Cooperstown ƙa'idar zaɓe ta rubuta ƙarara cewa a duba bajintar ɗan wasa, a kuma duba gaskiyarsa da ladabinsa a fili da halinsa. 'Yan jaridar da ke rubutu kan besbol su ne ke kaɗa ƙuri'a, kuma sai mutum ya samu kashi 75 cikin ɗari. A Canton kuwa akasin haka ne: abin da aka yi a cikin fili kawai aka ce a duba. Don haka babu amsa guda da ta dace da duk zaurukan. Ka faɗi wanne kake nufi.

Pete Rose fa? Ba zalunci aka yi masa ba?

A'a. Kuma ku daina cusa shi cikin wannan muhawara, don laifinsa ba na gida ba ne. Babu wanda ya kai shi yawan bugu mai kyau a tarihin babbar gasar besbol, 4,256, wannan ba a musu. Amma ya yi caca a kan wasannin ƙungiyar da yake jagoranta, aka kore shi daga harkar a 1989, ya yi ta musantawa har 2004 kafin ya amsa. Mai horarwa da ya zuba kuɗinsa a kan wasan yau zai iya gajiyar da gwanin mai jifarsa don ya ci cacarsa, wasan gobe kuma ko oho. Wannan cin amanar wasan ne kansa. Ya rasu a watan Satumban 2024, sannan a watan Mayun 2025 aka cire sunansa daga jerin waɗanda aka haramta wa, bisa hujjar cewa hukuncin yana ƙarewa da mutuwa. Yanzu ana iya duba shi, ba wai an saka shi ba ne.

Masu shan ƙwayoyin ƙara kuzari?

Layinsu ɗaya da na mai caca, domin alƙaluman da ake son a karrama su ne ake shakka a kai. Ɗan besbol Barry Bonds ya buga ƙwallo ta fice daga fili sau 762, ya fi kowa, amma shekara goma yana kan takardar zaɓe bai kai ba, a 2022 ya tsaya a kashi 66. Zargin ƙwaya ne ya tsayar da shi, duk da ya musanta cewa ya sha da saninsa.

Ba waliyyai ne a ciki ba ai, me ya sa za a fara tsanani yanzu?

Ban ce waliyyai ne ba. Mutum tara yake bai cika goma ba, kuma wanda ya nemi zauren da babu mai aibi a ciki, fanko zai samu. Cap Anson yana Cooperstown tun 1939, shi da aka sani da ƙin shiga fili tare da baƙaƙen fata. Mike Tyson ya shiga zauren damben zamani a 2011, bayan kotu ta ɗaure shi kan fyaɗe a 1992. Eric Cantona ya yi tsalle ya kai wa ɗan kallo hauri a filin Selhurst Park da ke Landan a watan Janairun 1995, kuma yana cikin waɗanda Firimiya ta karrama a shekarar farko. Amma don Allah a daina haɗa waɗannan a kwando ɗaya. Fushin minti guda daban, fyaɗe daban. Kuma kuskuren da aka yi jiya ba lasisi ba ne na a maimaita shi yau.

To idan zargi ne kawai, ko kuma sai bayan an saka mutum laifinsa ya fito, me ya kamata a yi?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba zan yi maka alkawarin amsar da za ta gamsar da kowa ba.

Mu fara da zargi. A nan karin magana biyu ne suke ja da juna a raina. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, an kuma ce ruwa ba ya tsami banza. Dubi Ryan Giggs, wanda ya ci kofin Firimiya sau 13. Ba ya cikin waɗanda aka fara sakawa a 2021, shekarar da aka gurfanar da shi kan zargin cin zarafin tsohuwar budurwarsa. Ya musanta, masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa cimma matsaya a 2022, a 2023 kuma aka janye ƙarar. To yanzu fa? Ni a ganina jinkirtawa yayin da shari'a ke gudana daidai ne, don karramawa ba abinci ba ce da za ta lalace idan ta kwana. Amma idan shari'a ta ƙare ba a kama mutum da laifi ba, sai zaure ya fito ya faɗi matsayinsa, kada ya yi gum shekara da shekaru. Sai dai kuma ina sane da cewa laifukan da ake yi wa mata da yara a bayan ƙofa sau da yawa ba sa kaiwa ga ɗauri, ba don ba su faru ba. Shi ya sa ba zan ce hukuncin kotu ne kaɗai ma'auni ba. Binciken da hukumar wasa ta yi da kanta, wanda aka bai wa wanda ake zargi damar kare kansa, shi ma yana da nauyi. Surutun kafafen sada zumunta kuwa ba shi da ko ɗaya.

Sai batun cirewa. Zauruka sun rabu a nan. O.J. Simpson ya shiga Canton a 1985. A 1995 kotu ta wanke shi daga kisan tsohuwar matarsa da abokinta, a 1997 wata kotun ta ɗora masa diyyar dala miliyan 33.5, a 2008 aka ɗaure shi kan fashi a Las Vegas. Duk da haka mutum-mutuminsa na tagulla bai motsa daga inda yake ba har ya mutu a 2024. Roberto Alomar ma, hukumar besbol ta haramta masa shiga harkarta a 2021 bayan bincike kan zargin lalata, amma allon karramawarsa yana nan a bangon Cooperstown. Zauren tanis kuwa ya bi wata hanya. Bob Hewitt ya shiga a 1992, aka dakatar da shi a 2012, kotu a Afirka ta Kudu ta same shi da laifin fyaɗe a 2015 ta yanke masa shekara shida, a 2016 aka kore shi gaba ɗaya.

Ina tare da zauren tanis, ga kuma dalilina. 'Yan matan da Hewitt ya cutar yara ne da yake koya wa wasa. Sunan da tanis ta ba shi ne ya sa iyaye suka damƙa masa 'ya'yansu hankali kwance. Ka tsaya ka hango ɗaya daga cikinsu ta girma, ta shiga wannan zaure riƙe da hannun ɗanta, ta ɗaga kai ta ga sunansa a bango cikin waɗanda ake cewa a yi koyi da su. Wa zai iya kallon idonta ya ce mata wannan harkarsa ce ta gida? Na Simpson ya fi wuya, na yarda, tunda dokar Canton tun farko ba ta tanadi duba hali ba, kuma canza doka don mutum ɗaya yana da nasa haɗarin. Amma inda kotu ta tabbatar da babban laifi a kan rai ko mutuncin wani, musamman idan da rigar wasan aka aikata shi, ni dai cirewa nake goyon baya.

Wannan ba goge tarihi ba ne?

Kwantar da hankalinka, babu wanda zai goge komai. Gidan tarihi daban, bangon girmamawa daban. Kayan wasan Pete Rose sun daɗe a gidan tarihin Cooperstown alhali ba shi da allo a bango. Alƙaluma suna nan a littafi. Abin da ake hana mutum shi ne bikin, da tafin, da jawabin godiya.

Su masu zaɓen, wa ke duba nasu halin?

Madalla da wannan tambaya, don laifi tudu ne. Terrell Owens, ɗan ƙwallon Amurka, bai aikata wani babban laifi ba, rashin jituwa ce da abokan wasa da 'yan jarida, amma sai a karo na uku aka zaɓe shi, a 2018, shi ma ya ƙi halartar bikin Canton don takaici. Wannan ramuwar gayya ce aka lulluɓe da sunan duba hali, kuma irinta ce ke sa mutane su ce a bar maganar hali gaba ɗaya. A rubuta laifukan da ke hana shiga baƙi a kan fari, kowane mai zaɓe kuma ya bayyana ƙuri'arsa da sunansa.

Idan mutum ya tuba fa?

A duba, amma tuban da aka yi tun kafin a fara ƙirga ƙuri'a, wanda kuma aka fara da neman gafarar wanda aka zalunta.