Binciken cutar sikila a Legas

Cutar sikila, wadda aka fi sani da amosanin jini, cuta ce ta gado da ke lalata siffar jajayen ƙwayoyin jini. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara a ƙasar, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadonta ba tare da ciwo ba. A Legas, cibiyar aikin tana Idi-Araba, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas yake fuskantar Cibiyar Sikila ta Ƙasa. Unguwar tana cikin tsofaffin mazaunan Hausawa a birnin, tare da Agege da Obalende.

Asalin cutar

Lafiyayyar ƙwayar jini zagayayya ce mai laushi, tana ratsa ƙananan jijiyoyi cikin sauƙi, tana kai kwana 120. Ta mai sikila kuwa, da iska ta yi mata ƙaranci sai ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe hanya, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Daga nan ne ciwon ƙashi mai tsanani, ƙarancin jini, shawara, kumburin saifa da gyambon ƙafa suke fitowa.

Likita James Herrick ne ya fara bayyana wannan siffa a Chicago ta Amurka a 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himoglobin, sinadarin jajayen ƙwayoyin jini da ke ɗaukar iska zuwa sassan jiki, a 1954 kuma Anthony Allison ya gano a Gabashin Afirka cewa masu rabin gadon sun fi jure zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa gadon ya yawaita a ƙasashen sauro.

Lafiyayyen himoglobin ana kiransa A, na sikila kuma S. Wanda ya gaji S daga iyaye biyu shi ne SS, mai cutar; wanda ya gaji A daga ɗaya, S daga ɗaya, shi ne AS, mai rabin gadon. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kaso 25 cikin 100 na zuwa da SS. Lissafin na kowane ciki ne shi kaɗai, don haka samun ɗa mai cutar bai nufin ukun da za su biyo baya sun tsira. Akwai kuma himoglobin C, wanda ya fi yawa a Kudu maso Yamma fiye da Arewa. Mai AS da mai AC suna iya haifar SC, shi ma nau'in sikila ne. Wannan ya shafi Hausawan Legas kai tsaye saboda auratayya da Yarabawa.

Gano cutar

Tsohon gwajin da ake ɗiga jini a duba lanƙwashewarsa a madubin likita ba ya rarrabe AS da SS. Wanda ake dogara da shi shi ne na raba nau'o'in himoglobin da wutar lantarki, sai na'urar HPLC wadda ta fi shi daidai. Yanzu akwai kayan gwajin nan take irin su HemoTypeSC da SickleSCAN: a soki diddigen jariri, a ɗauki ɗigo ɗaya, layuka su bayyana a tsinken gwaji cikin 'yan mintuna, ba tare da lantarki ba. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan ya kamata ya jira kamar wata uku kafin gwaji, domin jinin da aka ƙara masa yana rikita sakamako.

Jariri mai SS yakan zo duniya lafiya lau, saboda himoglobin ɗin da ya taho da shi daga ciki yana kare shi. Wajen wata shida sai kariyar ta janye, hannaye da ƙafafu su fara kumbura. A gidaje da yawa sai a ce sanyi ne, ko haƙori, idan kuma yara suka yi ta rasuwa a jere a ce wabi ne. Abin takaici, wannan lokacin da ake ɓatawa shi ne mafi amfani. Wani bincike na 1986 a Amurka ya nuna cewa ba yaro fenisilin kullum ya rage mummunar cutar da ƙwayar numokokas, mai haddasa ciwon huhu da sanƙarau, ke jawowa da kaso 84 cikin 100.

Hasashen shanyewar ɓarin jiki

Nan ne binciken ya fi taɓa rayuwar yara. Kusan kaso 11 cikin 100 na masu SS sukan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20 idan ba a ɗauki mataki ba, kuma ana iya hango haɗarin tun yaro yana gudunsa yana wasa. Gwajin sunansa TCD, yana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Yaro zai kwanta, a shafa masa ɗan mai a gefen kai tsakanin ido da kunne, a ɗora kan na'ura a wurin. Sai a ji ƙarar wucewar jini tana fita daga na'urar, lambobi suna sauyawa a allo. Babu allura, babu zafi, uwa tana zaune a gefe. Idan jijiya ta tsuke, jini yakan ƙara gudu, kuma gudun da ya kai santimita 200 a daƙiƙa alamar haɗari ce babba. Ana so a yi gwajin duk shekara daga shekara 2 zuwa 16. Gidauniyar Sikila ta Najeriya, wadda Farfesa Olu Akinyanju ya jagoranci kafa ta a 1994, tana yin sa a cibiyarta ta Idi-Araba, tare da ba da shawara kan gadon jini da gwajin ɗan tayi.

Binciken STOP na 1998 a Amurka ya nuna cewa ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin da kusan kaso 90 cikin 100. Amma ƙarin jini duk wata ya fi ƙarfin yawancin iyalai a Najeriya, ga ƙarancin jinin, ga taruwar ƙarfe a jiki. Mafita ta fito ne daga Arewa. A binciken SPRING, likitocin Kano da Kaduna, ciki har da na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun bi yara 220 masu mummunan sakamakon TCD, aka ba su ƙwayar hydroxyurea. Rabi sun sha miligiram 10 ga kowane kilo na nauyinsu, rabi kuma 20. Sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna cewa yara ƙalilan ne suka shanye a ɓangarorin biyu, ƙasa sosai da abin da aka saba gani in ba magani. Maganin yana ƙara yawan himoglobin irin na jarirai ne. Yana buƙatar awon jini lokaci zuwa lokaci, don haka ba abin saye a kemis a sha da ka ba ne.

Magani da warkarwa

Kulawar yau da kullum ta ƙunshi folik asid, rigakafin zazzaɓin sauro, alluran rigakafi, shan ruwa sosai da kauce wa sanyi. A Abuja, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ta haɗa maganin sikila mai suna Niprisan daga tsirrai huɗu da suka haɗa da masoro, kanumfari da dawa, sai dai samar da shi ya yi ta tsaiko.

Dashen ɓargo yana iya warkar da cutar. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ne ya fara yin sa a Najeriya a 2011, sannan a 2024 asibitin Idi-Araba da Gidauniyar Sikila suka yi wa marasa lafiyarsu na farko. Aikin yana da tsada da haɗari, kuma ya fi nasara idan ɓargon ɗan'uwa shaƙiƙi ya dace. Maganin gyaran ƙwayar gado mai suna Casgevy ya samu amincewa a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023, aka sa masa farashin dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya a Amurka.

Gwaji kafin aure

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure, har da na gadon jini. Wannan ya shafi mazauna Legas, domin da yawa gida suke komawa ɗaurin aure. Matsalar ita ce lokacin gwajin. Idan an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an fara haɗa lefe, janyewa takan yi wuya, wasu ma har su nemi takardar bogi. Masu ba da shawara kan gadon jini sun fi son a gwada yaro tun yana jariri ko yana makaranta, a kuma maimaita gwajin a wani ɗakin gwaji na daban kafin manya su shiga maganar aure.