Sabina Alkire da ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa

Sabina Alkire masaniyar tattalin arziki ce a Jami'ar Oksfod da ke Ingila. An haife ta a Jamus a 1969, kuma ita ce ke jagorantar OPHI, cibiyar binciken talauci da ci gaban ɗan Adam ta jami'ar, da aka kafa a 2007. Sunanta ya fito ne saboda hanyar auna talauci da ita da masanin tattalin arziki James Foster suka ƙirƙira, wadda suka wallafa a mujallar Journal of Public Economics a 2011. Tushen aikin yana ga masanin tattalin arziki ɗan Indiya Amartya Sen, wanda ke ganin a duba abin da mutum ke iya yi da rayuwarsa, ba kuɗin aljihunsa kaɗai ba.

Yadda ake lissafin

Ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa na duniya, MPI, wanda aka gina a kan wannan hanyar, ya fara fita a 2010 cikin rahoton Shirin Raya Ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya. Fanni uku ne, lafiya da ilimi da yanayin zaman gida, kowanne da sulusin maki. Lafiya na da alamomi biyu, tamowa da mutuwar yaro. Ilimi ma biyu: ko akwai wanda ya kammala shekara shida a makaranta, da ko duk yaran da suka isa suna zuwa. Kowace a cikin huɗun nan na da sudusi. Zaman gida na da shida, wato makamashin girki, banɗaki, ruwan sha, lantarki, gini da kadara, kowace ɗaya bisa 18. Ana tara makin duk alamomin da gida ya gaza a kansu, gidan da jimlar rashinsa ta kai sulusi matalauci ne.

A ɗauki gida a wani ƙauyen Sakkwato mai gero cike da rumbu. Yarinya ɗaya ba ta zuwa makaranta, sudusi ke nan. Ana girki da icce, babu wuta, ɗebo ruwa kuma yakan ci fiye da minti 30 zuwa da dawowa. Ukun nan sun ba da wani sudusin. An kai sulusi, gidan ya shiga lissafi, ko da ma'aunin kuɗi ya tsallake shi. Don a fitar da lambar ƙasa ko jiha, sai a ninka kason matalauta da matsakaicin zurfin rashinsu. Amfanin ninkin shi ne, idan hali ya ɗan yi sauƙi ga wanda bai fita talaucin ba, lambar za ta motsa.

Tasirinta

Uku daga cikin alamomi huɗu masu nauyi sun shafi yara kai tsaye, shi ya sa masu binciken walwalar yara suka rungumi hanyar. Rahoton MPI na 2023 ya sami matalauta biliyan 1.1 a ƙasashe 110, kusan rabinsu yara. Meziko da Butan da Kolombiya na cikin waɗanda suka fara gina ma'aunin ƙasa a kanta.

Najeriya ta bi sahu a Nuwamban 2022, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da nata da haɗin gwiwar OPHI. An ƙara fanni na huɗu, aikin yi da aukuwar masifa, alamomi suka zama 15, iyakar shiga lissafin talauci kuma kashi 26 cikin ɗari maimakon sulusi. An sami mutum miliyan 133, kashi 63 na jama'a, cikin talauci, da kashi biyu bisa uku na yara. Sakkwato ce kan gaba da kashi 91, Ondo na ƙarshe da 27. Kada a gwama waɗannan alƙaluma da na ma'aunin duniya, don alamomi da iyaka sun bambanta.

Inda ake suka

Masanin tattalin arziki Martin Ravallion ya ƙalubalanci rabon makin: wa ya ce rashin lantarki da na banɗaki nauyinsu ɗaya? Masu hanyar suna amsawa da cewa ana gwada wasu rabe-raben a ga ko jerin ƙasashen zai sauya.

Matsalar da ta fi shafar Arewa ita ce gida ake aunawa, ba yaro ba. Inda ake fifita ɗa namiji kan ɗiya, maki ɗaya suke samu. Binciken kuma gida-gida ake yinsa, don haka almajirin da ke kwana a zauren malam ko yaron Fulani mai yawon kiwo na iya zamewa daga lissafin gaba ɗaya. Ma'aunin Najeriya ya rage wani ɓangare na giɓin da ƙarin fanni ga 'yan ƙasa da shekara biyar, wanda ya duba abubuwa kamar rigakafi da haihuwa a hannun ma'aikacin lafiya.