Na yi mizajur, intanet ya ɗauke: tambayoyin da ake yawan yi min a shago

Ni gyaran kwamfuta nake yi a nan Garwa, kuma tambayoyin nan kusan kullum su ne dai, daga ɗalibai har masu sibar, har wasu daga Marwa da Kusuri suna turo min a WhatsApp. Na ce bari in amsa su wuri ɗaya.

Jiya ina da rezo, na yi mizajur na kwana na tashi babu. Me ya faru?

Kafin komai ɗan'uwa, duba wayarka tukuna. Ko forfe ne ya ƙare? Mizajur, wato sabunta Windows, yana cin giga ba wasa ba, mutum ya jona kwamfuta da wayarsa da dare, ta zuƙe komai kafin asuba, da safe ya zo yana cewa kwamfuta ta lalace alhali data ce babu. In wata waya tana shiga intanet da wannan Wi-Fi ɗin lafiya lau, to matsalar a kwamfutar take. In ita ma ba ta shiga, ka bar kwamfutar ta huta, ba laifinta ba ne.

Sannan ka duba ko Mode Avion ya kunnu, wasu kwamfutocin ma suna da ɗan maɓallin Wi-Fi a gefe ko a jerin F na sama.

Na kashe na kunna, ba abin da ya canza

Yaya ka kashe? A Windows 10 da 11 in ka danna Arrêter ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana ajiye wani ɓangare na halin da take ciki don ta tashi da sauri, matsalar ma sai ta tashi tare da ita. Redémarrer za ka danna.

Alamar Wi-Fi ɗin ma ta ɓace kwata-kwata, wannan fa?

To nan ne maganar take. Galibi direba ce, abin da masu Faransanci ke ce wa pilot, wato ɗan shirin da ke fassara tsakanin Windows da katin rezo na cikin kwamfutar. Mizajur yakan sauya tsohuwar direba da sabuwa, ita kuma sabuwar ba lallai ta jitu da katin ba, musamman a waɗannan kwamfutocin okaziyo da muke saye waɗanda sun kwana biyu a duniya. Wani lokacin kuma wuta ce aka ɗauke ana tsakiyar aikin, batir ba ya riƙewa, abu ya tsaya rabi da rabi.

Danna tambarin Windows tare da X, ka shiga Gestionnaire de périphériques, ka buɗe Cartes réseau. Nemi wanda ke da Wireless ko Wi-Fi a sunansa, sau da yawa za ka ga Intel ko Realtek ko Qualcomm. In akwai alama ruwan ɗorawa a kansa ka kama ɓarawon. Shiga Propriétés, sai Pilote, sai Restaurer le pilote, zai mayar maka da tsohuwar. In wurin ba ya dannuwa, ka cire na'urar da Désinstaller amma kar ka yarda a goge direbar, ka yi Redémarrer, Windows za ta sake ɗora ta da kanta.

To in sai na sauko da direba, da wane intanet ɗin zan sauko da ita?

Haha wannan ce tambayar da na fi so, kaza da ƙwai. Ɗauko kebul ɗin cajin wayarka ta Android, wanda ke ɗaukar data ba na caji kawai ba, ka jona da kwamfutar, ka shiga Partage de connexion a wayar ka kunna na USB. Wannan hanyar ba ta bi ta katin Wi-Fi ko kaɗan, kuma galibi Windows tana gane ta ba tare da an sa komai ba. Daga nan sai shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo, ka sa lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta. Don Allah a bar waɗannan shafukan da ke alƙawarin gyara duk direbobi da danna ɗaya, sau tari tarkace suke cusa maka.

Ta jonu da Wi-Fi amma tana cewa babu intanet

Buɗe cmd, wato baƙar tagar nan da ake rubuta umarni a ciki, a matsayin administrateur ka rubuta ipconfig. In lambar da ka gani ta fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu adireshi daga modem ba, ita ta ba kanta. Rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya: netsh winsock reset, netsh int ip reset, ipconfig /flushdns, sai ka sake tayar da ita. In kuma ka rubuta ping 8.8.8.8 yana amsawa amma shafuka ba sa buɗewa, matsalar DNS ce, wato abin da ke juya sunan shafi zuwa lambarsa, sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 da hannu a wurin DNS ɗin. Mai VPN ya kashe shi ya gwada.

Kuma ka duba agogo! Ƙaramin batirin nan CR2032 da ke riƙe agogo a cikin kwamfutar in ya mutu kwanan wata yana komawa baya, shafuka su ƙi buɗewa. In za ka saita agogon, Kamaru da Chadi duk UTC+1 muke.

Ko in yi fomat kawai in huta?

A'a malam, kar ka bari a wanke maka takardu da hotuna saboda direba ɗaya. Akwai Réinitialisation du réseau a cikin Réseau et Internet, yana cire duk katunan rezo ya sake ɗora su, sai dai zai manta da kalmomin sirrin Wi-Fi ɗinka, ka rubuta su a takarda tukuna. In bai yi ba, shiga tarihin Windows Update ka cire mizajur na ƙarshe. In babban sauyi ne, kamar daga 10 zuwa 11, kwana 10 kake da su ka koma baya ta Récupération, bayan haka ƙofar ta rufe.

To in hana ta mizajur gaba ɗaya mana?

Ban ba ka shawarar nan ba, don da shi ake toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. Ka dai iya dakatar da shi har sati 5, ka kuma sa hotspot ɗin wayarka a Connexion limitée don kar ta cinye maka forfe a ɓoye. Ranar da za ka yi, ka tabbata batir a cike yake, kuma direbar Wi-Fi ɗinka tana ajiye a kile USB tun kafin ka fara.