Masu garka, don Allah a daina binne ƙwallon mangwaron kasuwa

Duk shekara, da zarar mangwaro ya cika kasuwar Tawa wajen Afrilu da Mayu, sai maganar ta dawo sabuwa. Magidanci ya sayi manyan nan masu jan kumatu da motoci ke kawowa daga Mali ko Burkina, ya sha ya ji daɗi, ya ce wannan ƙwallo ya fi ƙarfin juji. Ya kai garka ya binne, ya yi ta jan ruwa shekara 6 ko 7. Sannan a kira malamin gona a nuna masa icce: ko ya yi ganye luf babu ɗa, ko ya yi ƴaƴa ƙanana masu zare da tsami. Wasu ma ba su kai nan ba, tun bazarar farko sun ƙone. Daga Ƙonni har Keita, daga Madawa har Illela, kukan ɗaya ne: wai ƙasa ba ta karɓa ba, wai an yi wa garka baki. Haba ƴan'uwa! Ƙasa ba ta da laifi, ƙwallon ne.

Waɗannan manyan, Kent da Keitt, asalinsu jihar Fulorida ta Amurka, kuma ƙwallonsu ba ya maido da uwa. Abin da ke cikinsa gauraye ne, ba wanda ya san da wane icce furen ya haɗu. Masu bincike da ke neman irin da zai jure zafi da sanyi su ma ƙwallaye suke shukawa, amma da yawan gaske, su jira shekaru, su sare kusan duka, su riƙe ɗaya ko biyu. Su aikinsu ke nan, suna da fili, suna da albashi. Kai mai garka ɗaya da rijiya ɗaya, me ya kai ka wannan caca da ruwan da ka ja da guga?

Ku dubi abin da icce ke sha a Adar. Afrilu da Mayu ma'aunin zafi ya wuce 40, wata rana ya doshi 45. Disamba da Janairu kuma dare ya sauko wajen 15, hunturu na busar da ganye. Babban icce ba ya tsoron wannan ɗari, shi ma ke sa mangwaro fure. Ƙaramin dashe ne ke shan wuya, sannan bazara ta zo ta kakkaɓe ƴaƴan da ba su ƙosa ba. Wanda ya san wannan wahala tun kaka da kakanni shi ne mangwaronmu na gida, ɗan ƙarami mai zare da kuke rainawa. Ka shuka ƙwallonsa ka ga tsiro 3 ko 4 sun fito, yawancinsu kamar uwa sak. Shi ne gindi. A kansa ake yin aure, abin da muke kira gerefe: saiwa ta gida, reshe na iri mai kyau. Iccen aure yana fara ƴaƴa a shekara 3 zuwa 4, kuma abin da ka ɗaura shi za ka tsinka.

In kuna son shaida ku dubi magarya. A tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, an ɗaura irin magaryar Indiya kamar Gola da Seb a kan magaryar dajinmu, aka samu tuffar Sahel, mai ƴaƴa manya da nama, saiwar kuwa ta gida ce da ba ta jin fari. Abin takaici, ita ma mutane sun fara tsotsewa su binne ƙwallon, su zauna jiran tuffa. Kun ga dai halin.

Reshen da za a ɗaura ma ba daga ko'ina ake yanko shi ba. Na san kowa na sha'awar abin da ya fito daga nesa, amma iccen maƙwabcinka da ya riƙe ƴaƴansa ya ƙetare Afrilu shekara 3 a jere ya fi wanda ka ji labarinsa a bakin direba. Ku sa wa irin wannan icce alama tun yana ɗauke da ƴaƴa, ku roƙi mai shi reshe idan damana ta faɗi. Wannan zaɓe da idonku shi ne gyaran iri, ba sai da farar rigar masu bincike ba.

Ga aikin a taƙaice, a riƙe:

- Ƙwallon mangwaron gida, a cire ɓawon, a shuka cikin leda kafin mako 2, don ba ya jure ajiya. A bar tsiro ɗaya mai ƙarfi.
- Idan kara ya kai kaurin fensir, wajen wata 8 zuwa 12, ya isa aure.
- Reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15, a tsinke ganyensa mako guda kafin a yanko, idanun su kumbura.
- Wuƙa mai kaifi da tsabta. A tsaga gindin santimita 20 zuwa 30 daga ƙasa, a fiƙe reshen, ɓawo ya hau kan ɓawo ko da gefe ɗaya ne, a naɗe tam da leda.
- Yuni zuwa Agusta, a inuwa. Auren Afrilu bushewa yake.
- Toho kan fito cikin mako 2 zuwa 3. Bayan wata 2 a kwance ledar, in ba haka ba ta shaƙe kara.

Dashe kuma a watan Yuli, bayan auren ya kama an kwance ledar. Rami santimita 80 ta kowane gefe, tazarar mita 10, taki ruɓaɓɓe, don ɗanye yana ƙona saiwa yana kiran gara. Kada a binne gurbin auren, ya zauna sama da ƙasa. A kewaye da zana ta gefen gabas da arewa saboda hunturu, a yi rumfa da bazara, a shimfiɗa ciyawa a gindi ba tare da ta taɓa kara ba. Ruwa da safe ko da marece. Duk tohon da ya fito ƙasan gurbin aure a cire shi nan take, na gindi ne, in ka bar shi zai danne reshen ka koma mangwaro mai zare. Furen shekarar farko da ta biyu a tsinke. Na san da zafi a rai, amma icce ne ke gina jikinsa.

Iyayenmu mata da ke shuka a tsakar gida kusa da wurin wanke-wanke, Allah ya saka, inuwa ce kuke bar wa jikoki. Sai dai ku ma ƙwallon kasuwar nan ne a hannunku, ina gani. Wanda ya riga ya tsiro kada a tumɓuke, a kira mai gerefe ya ɗaura masa reshe, ko babba ne ana sare rassan a ɗaura a kan sabon toho. Masu sayen dashe a bakin hanya kuma, kada a ruɗe ku da koren ganye. Ka duƙa ka dubi kara. In ba ka ga tabon aure ba, ajiye ledar, ko da mai sayarwa ya rantse maka cewa Kent ne. Ka tambaye shi daga wane icce ya yanko reshen, kuma a wane gari yake.