Bikin Titi na Notting Hill

Bikin Notting Hill, wanda Turawa ke kira Notting Hill Carnival, biki ne na kiɗa da rawa da kwalliya da ake yi kowace shekara a titunan yammacin birnin Landan, a ƙarshen watan Agusta. Kwana biyu ake yi ana shagali: Lahadi ta yara ce da iyalai, Litinin kuma, wadda take ranar hutu a Ingila, ta manya. 'Yan tsibiran Karibiyan da suka zauna a Birtaniya su ne suka kafa shi, 'ya'yansu da jikokinsu ne kuma ke riƙe da shi. Mahalarta sukan haura miliyan ɗaya, shi ya sa ake lissafa shi cikin manyan bukukuwan titi na Turai. Wanda hotunansa kawai ya gani zai ɗauka sharholiya ce zalla, alhali bikin ya tsiro ne daga duka da kisa da aka yi wa baƙar fata a wannan unguwa.

Unguwar kafin bikin

Ranar 22 ga Yuni 1948 jirgin ruwa mai suna Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan fasinjoji daga Jamaika da wasu tsibirai a tashar Tilbury. Birtaniya ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu tana neman hannaye a asibitoci da motocin bas da jiragen ƙasa, dokar zama ɗan ƙasa ta wannan shekara kuma ta bai wa mutanen ƙasashen da take mulka damar shigowa su zauna. Aiki ya samu, ɗakin kwana ne ya gagara. Masu gidaje da yawa sukan liƙa takarda a taga cewa ba sa ba baƙaƙe haya. Inda aka karɓe su shi ne irin su Notting Hill, wadda a lokacin unguwar talakawa ce mai tsofaffin benaye da suka lalace. A nan ne wani mai gidajen haya, Peter Rachman, ya yi ƙaurin suna wajen yayyanka gida ɗaya zuwa ƙananan ɗakuna yana cusa iyalai a kan kuɗi mai tsada.

A ƙarshen Agusta 1958 zuwa farkon Satumba, gungun samari farar fata suka yi ta bin titunan unguwar da sanduna da ƙarafa da kwalabe, suna farautar baƙaƙe suna jifan gidajensu. Kusan mako aka yi ana wannan ɗauki-ba-daɗi. Ƙungiyoyin masu ra'ayin fifita farar fata suna gefe suna rura wuta, har madugunsu Oswald Mosley ya tsaya takarar majalisa a mazaɓar a 1959, ya sha kaye. A watan Mayu na wannan shekara aka daɓa wa wani kafinta ɗan Antigwa, Kelso Cochrane, mai shekara 32, wuƙa a kan hanyarsa ta komawa gida. Fiye da mutum dubu suka raka gawarsa maƙabartar Kensal Green. Har yau babu wanda kotu ta hukunta a kan kisan.

Claudia Jones da bikin cikin zaure

An haifi Claudia Jones a Tirinidad a 1915, ta girma a unguwar Harlem ta birnin New York. Ta shiga jam'iyyar Kwaminis, gwamnatin Amurka ta ɗaure ta, sannan ta kore ta zuwa Birtaniya a 1955. A Landan ta kafa jaridar West Indian Gazette a 1958. Bayan tarzomar, ita da abokan aikinta suka ga zanga-zanga kaɗai ba za ta warkar da mutanen da aka tsorata a bakin ƙofarsu ba. Sai suka shirya biki irin na gida a babban zauren St Pancras ranar 30 ga Janairu 1959, cikin tsakiyar hunturu, da mawaƙan kalifso (salon waƙar Tirinidad) da makaɗa da gasar sarauniyar kyau, a zamanin da ba a sa baƙar mace a irin wannan gasa a Ingila. BBC ta nuna shi a talabijin. A takardar bikin an rubuta cewa fasahar al'umma ita ce mafarin 'yancinta, an kuma sanar da cewa wani kaso na kuɗin zai tafi wajen biyan tarar samarin da rikicin ya rutsa da su, baƙaƙe da farare duka.

Haka aka riƙa yi duk shekara a zaurukan Landan har ta rasu a Disamba 1964. Kabarinta yana maƙabartar Highgate, daf da na Karl Marx. Ana yawan kiranta uwar bikin, kuma ta cancanci sunan, ko da yake ba ta taɓa ganin sa a kan titi ba.

Fitowa titi

Wadda ta fitar da shi waje ita ce Rhaune Laslett, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ke zaune a unguwar. A tsakiyar shekarun 1960 (yawanci 1966 ake ambata) ta shirya ɗan ƙwarya-ƙwaryar biki don yaran unguwa na kowane jinsi, ta gayyaci makaɗin Tirinidad Russell Henderson da abokan kiɗansa. Da suka gaji da tsayuwa wuri ɗaya sai suka rataya gangunansu suka kama tafiya. Duk ɗan Karibiyan da ya ji sautin daga taga sai ya sauko ya bi sahu, aka yi ta zagaya unguwa ba tare da wani ya tsara hanya ba. Daga 1973 wani malamin makaranta ɗan Tirinidad, Leslie Palmer, ya karɓi shirin, ya jawo ƙungiyoyin masu kwalliya, ya kawo janaretoci da manyan lasifikoki irin na Jamaika. Wannan ne ya shigo da samarin da aka haifa a Ingila, waɗanda kiɗan rege ya fi ratsa su fiye da kalifson iyayensu. Cikin 'yan shekaru taron ya tashi daga 'yan dubbai zuwa sama da dubu ɗari.

Abin da ake yi a wurin

Tushen bikin yana Tirinidad. Turawan Faransa masu gonakin rake sukan yi shagalin rufe fuska kafin azumin Kirista. Bayi kuwa suna nasu a bayan gida suna kwaikwayon iyayen gijinsu suna yi musu shaguɓe. Da aka 'yanta bayi a shekarun 1830 sai suka fito da nasu fili. Abin da ake kira mas, wato shigar burtu da kwalliyar gashin tsuntsu da duwatsu masu ƙyalli, daga nan ya samo asali. Wanda ya san yadda 'yan tashe ke sa rigar wani su faɗa masa gaskiya cikin wasa zai gane manufar tun kafin a yi masa bayani.

Gangar ƙarfe ma haifaffiyar takura ce. Bayan arangamar masu biki da 'yan sanda a 1881, Turawan mulki suka taƙaita kaɗa gangar fata a Tirinidad. Mutane suka koma buga gora a ƙasa, daga baya suka koma gwangwanaye, har a shekarun 1930 da 1940 aka gano abin da duron mai zai iya yi. Maƙeri yakan yi ta dukan gindin duron da guduma har ya lotsa kamar ƙwarya, ya zana masa gida-gida, ya gasa shi a wuta, sannan ya bi kowane gida da ƙaramar guduma har ya ba da muryar da ake so. Da sanda mai roba a kai ake kaɗawa. Daren Asabar kafin bikin, ƙungiyoyin makaɗan suke gasar da ake kira Panorama, kowace ƙungiya da makaɗa masu yawa, kuma da ka suke riƙe kiɗan, ba mai duba takarda.

Da asubahin Lahadi akan buɗe da J'ouvert, inda ake watsa wa juna fenti da hoda. Sai jerin manyan motoci ɗauke da kiɗan soka, wanda ya tsiro daga kalifso, su bi hanya mai tsawon kusan kilomita biyar ta Ladbroke Grove da Westbourne Grove, masu rawa na biye. A lunguna kuma an girke lasifikoki jibgi-jibgi, sautinsu har cikin ƙirji ake jinsa. Hayaƙin gasasshiyar kaza mai yaji irin ta Jamaika ya cika ko'ina, ga naman akuya mai yajin kori, ga shinkafa da wake. A 'yan shekarun nan dafa-dukar Afirka ta Yamma da kiɗan Legas da Akara sun samu gurbi, domin yawan 'yan Afirka a Landan ya ƙaru sosai.

Bikin da 'yan sanda

A titin All Saints wani ɗan Tirinidad, Frank Crichlow, ya buɗe gidan abinci mai suna Mangrove a 1968, wurin ya zama majalisar baƙaƙen unguwa. Tsakanin Janairu 1969 da Yuli 1970 'yan sanda sun kai masa samame sau 12 da sunan neman ƙwaya, ba su samu komai ba. Ranar 9 ga Agusta 1970 aka yi tattakin nuna ƙin amincewa, aka gurfanar da mutum tara. Biyu daga cikinsu, Darcus Howe da Altheia Jones-LeCointe, suka ce su za su kare kansu, suka yi wa 'yan sanda tambayoyi da bakinsu. Bayan kwana 55 ana shari'a a 1971, aka wanke dukkansu daga babban laifin tayar da tarzoma, alƙali kuma ya ce ya ga alamun ƙiyayyar launin fata daga ɓangarorin biyu. Wannan furuci ya girgiza hukuma, don ba a saba jin kotu ta jingina wa 'yan sandan Landan irin wannan ba. Sunan Mangrove yana nan a jikin ɗaya daga cikin fitattun ƙungiyoyin gangar ƙarfe.

A 1976 aka jibge 'yan sanda fiye da dubu a bikin. Samari dama suna cike da haushin wata tsohuwar doka ta 1824 da ta ba ɗan sanda ikon kama mutum bisa zato kawai. Rikici ya ɓarke, 'yan sanda sama da ɗari suka jikkata, jama'a ma da dama aka kai asibiti. Sai a 1981 aka soke dokar.

Halin da ake ciki

Notting Hill ta yau tana cikin unguwanni mafi tsada a Landan, yawancin iyalan da suka kafa bikin haya ta kore su tuntuni. Kafin ranar, masu kantuna da sababbin masu gidaje sukan rufe ƙofofi da tagogi da katako, wasu su bar gari. Matsalar cunkoso da sara-suka gaskiya ce: a 2024 mutum biyu suka rasa ransu sakamakon hare-hare. An sha kawo shawarar a mayar da bikin wani fili mai shinge kamar Hyde Park, ko a sa masa tikiti, masu shirya shi suna ƙi, domin a wurinsu waɗannan tituna da aka taɓa korar iyayensu a kai su ne dalilin bikin. Annobar korona ce kaɗai ta hana fita a 2020 da 2021.

Daga kan hanyar bikin ana hango wurin da dogon benen Grenfell ya ƙone ranar 14 ga Yuni 2017, cikin watan Ramadan, inda Musulmin da ke farke don sahur suka riƙa buga ƙofofin maƙwabta. Mutum 72 suka mutu, da yawansu baƙin haure ne da 'ya'yansu. Tun daga lokacin, da ƙarfe uku na rana a kowace ranar biki, akan kashe lasifikoki a tsayar da motoci, a yi shiru don tunawa da su, a shekarun baya-bayan nan na tsawon daƙiƙa 72.