Kafin ka haƙa burtsatse ko ka ja kunya, ka san irin dutsen da ke bayan gonarka

Salamu alaikum 'yan uwa manoma na Bauchi da Gombe. Duk shekara koken ɗaya ne muke ji a wajen aiki, wani ya zuba kuɗi a burtsatse ba ruwa, wani kuma kwarin zaizayar ƙasa ya cinye masa rabin gona, kuma yawanci dalilin yana jikin dutsen nan da muke wucewa kullum.

Masana ilimin duwatsu suna raba tsaunuka ne bisa yadda suka samu. Akwai inda manyan ɓangarorin ƙasa biyu suka yi karo, ƙasar ta tattare ta yi sama kamar ka turo tabarma daga gefe biyu, haka Himalaya ta samu da Indiya ta daki Asiya wajen shekaru miliyan 50 da suka wuce, har yanzu ma tana ƙara tashi. Akwai inda ƙasa ta dare, wani gefe ya nutse wani ya ɗago. Sai na aman wuta irin Kilimanjaro, kai ba sai an je Tanzaniya ba ma, dutsen Tangale da ake hangowa ta wajen Kaltungo ragowar aman wuta ne da ya daskare.

To amma namu na kewayen Bauchi da Dass labarinsu daban. Narkakken dutse ne ya sandare can ƙarƙashin ƙasa wajen shekaru miliyan 600 da suka wuce, ruwa da iska suka yi ta cin abin da ke kansa har ya fito fili, har akwai wani iri da masana suka laƙaba wa sunan garin Bauchi. Irin wannan dutsen ba ya ajiye ruwa a jikinsa sam, sai a tsaga ko inda ya ruɓe ya koma tsakuwa. Shi ya sa maƙwabcinka zai samu ruwa kai kuma ƙura kawai injin zai yi ta tofarwa, ba hannu aka sa maka ba. Don Allah a kira masu awon ruwan ƙarƙashin ƙasa su duba tukuna, kuɗinsu bai kai asarar rami ba.

Gombe kuma kwarin Binuwai ne, ya tsage lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka sama da shekaru miliyan 100 da suka wuce, yashi da laka suka taru, teku ma ya shigo. Dutsen Bima na wajen Dadin Kowa dutsen yashi ne, wanda ake siminti da shi a Ashaka kuwa a cikin teku ya kwanta, har bawon halittun ruwa ake tsinta a ciki. Dutsen yashi yana shan ruwa, ko da yake wasu wuraren ruwan na da nisa ƙwarai, amma fa ƙasarsa ba ta da riƙo, duk wanda ya ga kwarurrukan cikin Gombe ya san abin da nake faɗa.

Saboda haka in gonarka a gangare take kar ka ja kunya ta bi gangaren, wallahi hanya ka yi wa ruwa ya tafi da takinka. Ka ja ta a gicciye, ka jera duwatsu layi layi su tare ƙasa, ka bar itatuwan gindin dutse, masu gawayi ku ji tsoron Allah. In ka ga ƙaramar tsaga ta fara a bakin gona ka cike ta da duwatsu da kara tun kafin ruwan Agusta.