Waiwaye: Ina Takardun Attajiran Kano Suka Shiga?

Tun bayan rasuwar Alhaji Aminu Dantata a watan Yunin 2025, wata tsohuwar muhawara ta sake tasowa a gidajen rediyo da shafukan Facebook, wato batun yadda gari mai tarihin ciniki irin na Kano ya rasa wurin da ɗalibi zai je ya buɗe littattafan lissafin manyan attajiransa, ya karanta wasiƙunsu, ya ga yadda suka tafiyar da gidajensu. Wasu suna cewa Bahaushe ba ya rubutu, amana da shaidu ne takardarsa. Wasu kuma suna ɗora laifin a kan 'yan zamani, suna cewa su ne suka zubar da kayan kakanninsu. A ganina duka maganganun biyu sun gaza, domin wannan giɓi ya fara buɗewa fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma ta wata ƙofa da ba a cika kallo ba.

Farkon labarin sananne ne. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa tufafin da garin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Fatake irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suna bin hanyar Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, su sayo goro, Larabawan Gadamas kuma suna zaune a unguwar Dandalin Turawa suna aika fata da gashin jimina ta hamada. Waɗannan mutane suna rubutu. Akwai wasiƙun da aka aika daga Kano da suka tsira a hannun iyalan 'yan kasuwar Gadamas a Libiya, har aka buga wasu daga cikinsu. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga ya rasu a Kete-Krachi, duka a Ghana ta yau, a 1934, ya rubuta littafin koyar da tsara wasiƙa da Larabci tun a 1877, kuma ba a rubuta irin wannan littafi sai inda ake da masu aika wasiƙa. A 1966 wani masani Bature, Mervyn Hiskett, ya buga wata takardar rabon gado ta Kano ta ƙarshen ƙarni na 19, wadda aka jera kayan mamaci da kimarsu da kuɗin wuri. Saboda haka zancen cewa ba a rubutu ba shi da tushe.

Inda al'amarin ya juya shi ne tsakanin 1912 da wajen 1930, kuma a nan ya kamata a tsaya sosai. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912. Turawa sun sa ran auduga, manoma suka zaɓi gyaɗa, har gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1913 ta kai kimanin tan 19,000, ninki bakwai ko fiye na shekarar da ta gabata. Kamfanonin Turai ba su san ƙauyuka ba, ba su san wanda za a amince wa da kuɗi ba, sai suka nemi tsofaffin fataken goro masu yara a ko'ina, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo, daga baya kuma Alhassan Dantata, wanda ya fara saya wa Kamfanin Neja gyaɗa a 1918. Kowa ya san wannan a matsayin mafarin dalar gyaɗa. Abin da ba a lura da shi ba shi ne cewa a daidai wannan lokaci ne rubutun kasuwancin Kano ya rabu gida biyu.

A da, takardar attajiri tana hannunsa, malaminsa ne ke rubuta ta da alƙalamin kara da tawada, a naɗe ta a sa a gafaka ko a adaka, domin ita ce hujjarsa a gaban alƙali da gaban abokin ciniki a Salaga ko Agadas. Da gyaɗa ta zo, hujjar da ke aiki ta koma littafin akawun kamfani da ke zaune kusa da sikeli. Shi ne yake rubuta adibas ɗin da aka ba attajiri a farkon kaka, da yawan buhunan da ya kawo, da la'adar da ya samu, da Turanci, da fam da sule. A ƙarshen shekara taƙaitaccen lissafin yana tafiya Ikko, daga can ya hau jirgin ruwa zuwa hedikwata a Ingila. Shi ya sa a yau takardun kamfanin UAC, wanda aka kafa a 1929 bayan haɗewar Kamfanin Neja da wani babban kamfanin, suke a ma'adanar Unilever da ke Port Sunlight, na kamfanin John Holt kuma da yawansu suke Libaful. Ba sace su aka yi ba, kamfani ne ya adana littattafansa a gidansa kamar yadda kowane ɗan kasuwa zai yi. Amma abin da littafin kamfani ya sani game da attajiri kaɗan ne: sunansa, nauyin kayansa da bashin da ke kansa. Bai san yaran da ya raba wa kuɗi zuwa Bichi da Gaya da Ɗambatta ba, bai san 'yar da ya aurar wa babban yaronsa don ƙulla amana ba, bai san jarin da matan gida suka zuba daga kuɗin ƙuli-ƙuli da saƙa ba, balle masallacin da ya gina ko almajiran da yake ciyarwa.

Wannan ɓangare na biyu, wanda shi ne ainihin rayuwar gidan, ya zauna a takardun gida na Larabci da ajami, kuma su ne suka rasa mai riƙo. Dalili na farko shi ne sun daina aiki. Takardar bashi da aka ƙidaya da wuri ba ta da amfani bayan kuɗin Turawa sun kori wuri daga kasuwa, wasiƙar madugu kuma ta zama tsohon zance bayan goro ya koma jirgin ruwa da jirgin ƙasa. Na biyu, 'ya'ya da jikokin da aka sa a boko don su iya fuskantar akawu sun tashi ba su saba da hannun malaman da ba, mai gudu, mai ƙarancin wasali. Wanda ya buɗe adakar kakansa ya ga ganye-ganyen takardu da Bisimilla a kan kowace, ba ya iya bambanta takardar cinikin gida da laƙani ko addu'a, sai ya yi abin da tarbiyyarsa ta koya masa: ya ƙone su ko ya binne su don kada sunan Allah ya wulaƙanta. Wannan ladabi ne, kuma ban ga yadda za a zarge shi a kai ba, amma tarihi mai yawa ya tafi ta wannan hanya. Na uku shi ne rabon gado. Shari'a tana raba abin da ke da kima, gida da gona da kuɗi da dabbobi, takarda kuwa ba ta shiga lissafin tarika, sai ta bi wanda ɗakin ya faɗa wa, ta zauna a ƙarƙashin rufin ƙasa tana jiran gara da ɗigar damina.

Lokacin da aka fara tunanin adana takardu a hukumance, wannan rabuwa ta riga ta yi shekara arba'in. Masanin tarihi Kenneth Dike ya binciki halin da tsofaffin takardun ƙasar ke ciki daga 1951 zuwa 1953, aka kafa ofishin adana takardu na ƙasa a 1954, aka yi masa doka a 1957, Kaduna ta samu reshe. Aikin gaggawa na lokacin shi ne ceto fayilolin gwamnati da na En'e, kuma an ceto da yawa. Shirin binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello da Arewa House, wanda aka kafa a 1970, sun tara rubuce-rubucen malamai da wasiƙun sarakuna. Attajiri yana bayyana a waɗannan taskoki ne ta gefe, a takardar haraji ko a shari'a, kamar ƙararrakin majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 da Allan Christelow ya fassara. Don haka masu bincike irin su Paul Lovejoy, da ya zo Kano a 1969 da 1970 yana bin tarihin goro, da Jan Hogendorn da ya rubuta kan gyaɗa, sun jingina sosai da bakin dattawa. Ko labarin da kowa ke bayarwa, na raƙuma ashirin ɗauke da kuɗin azurfa da Alhassan Dantata ya kai banki a 1929, da yawanmu daga baki muka ji shi, ba daga takardar ajiya ba.

Abin da ya biyo baya maimaici ne. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, tsarin wakilan saye masu lasisi ya watse, littattafansu ma suka daina aiki kamar yadda takardun wuri suka daina. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ta cinye dubban shaguna, tare da duk littafin bashi da ke cikinsu. Yanzu kuma cinikin Kantin Kwari da Dawanau ya koma saƙon murya a WhatsApp da rasit ɗin POS wanda rubutunsa ke gogewa cikin 'yan watanni, kuma wayar da ke riƙe da lissafin gida guda tana iya kullewa ranar da mai ita ya rasu.

Har yanzu akwai adakoki a tsofaffin gidajen Koki da Bakin Ruwa da Bebeji, kuma akwai malaman zaure da ke iya karanta wannan hannu. Iyalai da dama suna da dalili mai ƙarfi na ƙin fitar da su, domin a cikinsu akwai bashi da sakin aure da zancen bayi da iyakar gona, abubuwan da ke iya tayar da rigima tsakanin jikoki. Duk shirin da zai yi nasara sai ya bar takardun a hannun masu su, ya ɗauki hotonsu kawai, ya kuma ba iyali ikon cewa wannan a buɗe yanzu, wannan a jira shekara hamsin.